Ciyawar kyanwa: yadda ake shuka ta a garkar gida

Ciyawar kyanwa, wadda Faransawa ke kira cataire, masana kuma Nepeta cataria, dangi ɗaya suke da na'a-na'a da ɗaɗɗoya. Asalinta daga Turai da Asiya ne. Tsawonta kan kai santimita 50 zuwa 100, tana fitar da ƙananan furanni farare masu ɗigon shunayya.

Me ke jawo kyanwa? Ganyen na ɗauke da wani mai da ake kira nepetalakton, wanda Samuel McElvain na jami'ar Wisconsin a Amurka ya fara tacewa a 1941. In kyanwa ta sansana shi, sai ta yi ta birgima tana goga fuska na kamar minti 10, sannan abin ya sake ta. Kusan biyu cikin uku ne ke jin sa, domin gado ne. Jariran kyanwa kuwa bai dame su ba. A 2021 masana na jami'ar Iwate a Japan sun nuna cewa wannan birgima tana kare kyanwa daga cizon sauro.

Furenta kuma abincin ƙudan zuma ne. A gundumomin Magarya da Dungas, inda ake noman rani a fadamun Korama, wannan ba ƙaramin abu ba ne: kankana da kabewa ba sa yin ƴaƴa sosai in ƙwari ba su kai musu ƙurar fure ba.

Shuka: ba ta son zafin bazara, don haka a shuka irin daga Nuwamba, lokacin sanyi. Yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. A bar tazarar santimita 40, a haɗa rairayi da ɗan takin gida, a zaɓi wurin da inuwa ke sauka bayan azahar. A yi ban ruwa daidai, domin ruwa mai kwanciya yana ruɓar da saiwa. A kife kwando kan tsiron, kada kyanwa ta murƙushe shi tun yana ƙarami. Kada a fesa maganin ƙwari lokacin fure.

Hattara wajen sayen iri: sau da yawa abin da aka rubuta wa herbe à chat alkama ce ko sha'ir. A nemi sunan Nepeta cataria a jikin takardar. Wanda bai samu ba, ya bar ɗaɗɗoyarsa ta yi fure. Kyanwa ba za ta kula ta ba, amma ƙudan zuma za su zo.