Gadon ƙasa da kaskon gawayi: yadda gidajenmu suka daina riƙe ɗumi

Ga rubutun shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Hazo ya fara sauka, leɓe ya fara tsagewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas ke kwaso mana ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma a wasu darare awon sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Bature zai yi dariya. To amma shi yana da na'urar ɗumama gida da yake dubawa kafin sanyinsu ya shigo. Mu fa, a Sunke da sauran ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, me kakanninmu ke dubawa?

Ɗakin kansa. Shi ne na'urar.

Katangar ƙasa mai kauri tana shan rana tun safe, sai dare ya raba ta riƙa sakin zafin a hankali zuwa cikin ɗaki. Shi ya sa shirin ɗari ke farawa da zarar an kai amfanin gona rumbu. A bi tsagar da damina ta bari a yi yaɓe, a ƙara shibci a jinka, a sake asabarin bakin ƙofa, a kafa sabuwar zana ta gefen da iska ke bugowa. Karan gero da na dawa a jingine su. Yara su tara ƙirare, manya su jawo gungume, wato icce kamar yadda muke cewa a nan, mai kwana yana ci ba tare da ya yi harshe ba. A ciro gwado da luru a shanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne gadon ƙasa. Gado ne da aka gina da laka a jikin bango, da rami a ƙarƙashinsa. Da magariba a zuba garwashin da ya rage daga girkin tuwo, a rufa masa toka. Ƙasar ta ɗauki zafi, tsoho ya shimfiɗa tabarma ya kwana har asuba bai nemi bargo na biyu ba. Ba a sayi komai ba, wutar da ta dafa abinci ita ta ɗumama mai ci. Kuma ku lura da wani abu: jinka tana numfashi. Hayaƙi na bi ta cikin ciyawa ya fita, yana tafe yana korar ƙwari. Ɗakin bai taɓa zama a toshe ruf ba.

Kada wani ya ce na mayar da zamanin da aljanna. Jinka da kara abincin gobara ne, tartsatsi ɗaya a cikin iskar hunturu ya isa ya cinye unguwa. Gadon ma yana da nasa laifin. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bibiyi matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da al'adun jego: kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Abin da ke jiyar da tsoho daɗi a Janairu yana iya wahalar da mai jego.

Sai zamani ya juya. Kwano ya bazu a birane da kuɗin man fetur na shekarun 1970, daga baya ya gangaro ƙauye, bulo da siminti suka biyo shi. Ba na zargin kowa, wanda ya taɓa kwashe kaya cikin dare saboda jinka na yoyo ya san darajar kwano. Amma kwano ba ya ajiye zafi. Da rana tanda, da asuba firij. Gadon ƙarfe da katifa suka kori gadon ƙasa, sanyin kuwa bai je ko'ina ba. Sai aka koma kasko. Gawayi, wanda a da an fi saninsa a maƙera, musamman na ƙirya, ya shigo ɗakin kwana. Aka toshe taga da tsumma, aka ja ƙofar ƙarfe.

A nan haɗarin yake. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200. Farkonta ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Mun ɗauko wutar tsohon ɗaki mun kai ta ɗakin da ba shi da mafitar hayaƙi.

Ita ma ƙasar yaɓen, a Sunke ba a ɗebo ta da ka. Sunke na cikin ƙauyukan da gubar dalma ta shafa a 2010, tare da Dareta, Abare da 'Yargalma, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu a yankin, aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa. Duk mai gyaran bango bana ya tabbatar ba daga wurin da aka taɓa niƙa dutse ko wanke shi ya haƙo ba, domin wannan bangon ne yaro zai kwana yana shaƙar ƙurarsa wata uku.

Iccen ma ya zama abin tsoro. Dajin da mata ke shiga da gatari yau na 'yan bindiga ne, kuma iyalai da yawa sun baro ɗakunan kakanninsu suna kwana a kangaye da rumfunan leda a cikin garin Anka. Su ba su da katangar da za ta sha rana. In kana da bargon da ba ka amfani da shi, ka san inda za ka kai.

Wanda kuma dole sai ya yi kasko: a hura shi a waje, a ɗumama ɗaki taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta, a nesanta shi da gidan sauro da katifa. In wani ya tashi da ciwon kai da jiri, a fito da kowa waje, a nufi asibiti.

Ku gaya mana a ƙasa ko akwai sauran gadon ƙasa a gidanku, da sunan da kuke kiransa a garinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.