Ƙananan Da'irorin Ƙasa a Jigayin Kudancin Ingila: Matsalar Gano Asalinsu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba wata matsala da ta daɗe tana damun masana kufai a Ingila, watau ƙananan da'irorin ƙasa da ake samu a jigayin kudancin ƙasar. Kowace da'ira 'yar ganuwa ce ta ƙasa wadda sau da yawa tsayinta bai wuce gwiwa ba, wani lokaci da ɗan gwalalo a gefenta. Za a bayyana irin ƙasar da suke ciki, sa'an nan a kawo ire-iren da aka gane asalinsu, a ƙarshe kuma a duba waɗanda har yanzu ake gardama a kansu. Abin da ake so a nuna shi ne siffar abu ita kaɗai ba ta isa ta zama hujjar shekarunsa ko amfaninsa ba.

2.0 Yanayin Jigayin

Jigayin da ake magana a kansu suna cikin lardunan Dorset da Hampshire da Surrey da Sussex. Ƙasa ce mai yashi da tsakuwa, marar ni'ima, wadda ta cika da wani gajeren tsiro da ake kira heda, da 'yan ƙayoyi. A da an ɗauka haka Allah ya halicce ta. Amma a 1962 G. W. Dimbleby ya buga nazarinsa na ƙurar fure da ta maƙale a ƙarƙashin tsofaffin tuddan kaburbura, ya nuna cewa wurare da yawa kurmi ne a dā, mutane suka sare shi domin noma da kiwo tun zamanin tagulla, ƙasar ta gaji ta koma jigawa.

Wannan yanayi ya haifar da abu biyu masu karo da juna. Na farko, da yake ƙasar ba ta noma, garma ba ta baje abin da aka gina a kanta ba, sai ayyukan zamunna daban-daban suka wanzu kafaɗa da kafaɗa. Na biyu, ƙasar tana da tsami ƙwarai, tana cinye ƙashi da baƙin ƙarfe. Ke nan jigawa ta adana siffa, ta kuma shafe mafi yawan shaidar da za ta fassara siffar.

3.0 Ire-iren Da Aka Gane

3.1 Kaburbura. Mafi yawan tuddan kaburbura masu kewaye an gina su ne tsakanin 2200 da 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). L. V. Grinsell, wanda ya buga littafi a kansu a 1936, ya kasa su gida-gida. Akwai mai ganuwa da gwalalo da ɗan tudu ƙarami a tsakiya, akwai kuma mai kwari a tsakiya kamar tafki. Idan ɗan tudun ya zaizaye, da'ira kawai ke saura. Saboda shaharar wannan iri ne ake saurin kiran kowace da'ira kabari.

3.2 Shingayen amya. A dajin New Forest, wanda Sarki William na Ɗaya ya keɓe domin farauta wajen 1079, har yau dawaki da shanu da aladu suna kiwo sake. A dā masu zuma kan kai amyoyinsu na kara jigawa a ƙarshen lokacin zafi, sa'ad da heda ke fure, su kewaye su da 'yar ganuwa don kada dabbobi su ture su. Heywood Sumner, wanda ya auna kufan wannan daji ya buga a 1917, yana cikin waɗanda suka bayyana irin waɗannan shingaye. Wasunsu masu kusurwa huɗu ne, wasu kuwa kewayayyu.

3.3 Madafan soja. A 1793, shekarar da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa, an kafa sansanin soja a jigawar Ashdown ta Sussex. Al'adar soja ta wancan ƙarni ita ce a haƙa rami kewayayye, a tara ƙasar a tsakiya, a fafe murahu a jikin bangon ramin na ciki, kowane rukuni da murhunsa. Da sojan suka tashi, sai suka bar tuddai a jere masu kama da kaburbura. I. D. Margary ne ya bayyana a 1965 cewa madafai ne, daga baya kuma, a 1969, ya yi rubutu a kan wani maficin mata mai ɗauke da zanen sansanonin 1793.

3.4 Kewayen itatuwa da ramukan yaƙi. A ƙarni na 18 da na 19 masu manyan filaye kan dasa gungun itatuwa a kan tudu domin ado, su kewaye su da ganuwa saboda dabbobi. In itatuwan suka mutu, ganuwar ta rage. Wani lokaci ma a kan kabari na gaske aka yi dashen, aiki biyu ke nan a wuri guda. Bugu da ƙari, a yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, an tayar da da'irorin ƙasa domin girka bindigogi da manyan fitilun hango jiragen sama.

4.0 Da'irorin Studland

Misalin da ya fi wuya yana jigawar Studland, a bakin mashigin ruwan Poole cikin Dorset. A nan an ƙirga da'irori fiye da 70 a yanki ɗaya. Yawansu da cunkushewarsu sun bambanta su da ire-iren da aka ambata. An kawo ra'ayoyi a kansu, kamar dafa gishiri, da shanya ciyawar teku, da killace dabbobi. Kowane ra'ayi yana da abin da ya jingina da shi, watau kusancin teku ko tsohuwar al'adar kiwo a wurin, amma dacewa da wuri daban, hujja daban. Mai cewa gishiri aka dafa, alal misali, sai ya nuna toka da fasassun tukwanen dahuwa.

5.0 Hanyoyin Bincike

Hanya ta farko ita ce lura da abin da ya hau kan wani. Idan tsohuwar turba ta keta da'ira, to da'irar ta girme ta. Ta biyu ita ce tsofaffin taswirori da takardun filaye, kamar yadda misalin Ashdown ya nuna. Ta uku hoton sama ne, wanda O. G. S. Crawford da Alexander Keiller suka nuna amfaninsa a 1928. A wannan ƙarni an ƙara da awon hasken leza daga jirgin sama, wanda ke fito da tudu da kwarin ƙasa ko da tsiro ya rufe su. Ta huɗu ita ce awon shekarun gawayi, da awon da ke nuna lokacin da ƙwayar yashi ta rabu da hasken rana, wanda aka ƙirƙiro a 1985. Wannan na ƙarshe ya dace da jigawa, domin yashin ganuwar kansa shi ne shaida.

6.0 Kammalawa

Lamarin bai tsaya ga gardamar masana ba. N. W. Moore ya nuna a 1962 cewa kimanin kashi biyu cikin uku na jigayin Dorset sun salwanta tsakanin 1811 da 1960, saboda noma da dashen itatuwan katako da gine-gine. Da'irar da aka yi wa laƙabin kabari bisa kuskure za ta gurɓata taswirar zamanin tagulla, wadda kuma aka raina a matsayin ramin soja ana iya baje ta alhali kabari ce. Saboda haka ya fi dacewa manazarci ya auna, ya zana, ya rubuta "asali bai tabbata ba", ya bar wa na baya abin da za su tona. Masu nazarin kufan ƙasar Hausa ma suna fuskantar irin wannan, domin gindin ɗaki da na rumbu da bakin rijiyar da ta cike duk da'ira suke bari a doron ƙasa.