Tasirin Kauri, Ƙura da Zafi a kan Man Famfon Fistin na Masana'antu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda mai yake kare famfon fistin daga cinyewa, da hanyoyin da shi kansa man yake lalacewa. An dogara ga ƙa'idojin kimiyyar gogayya da ma'aunan hukumar daidaita ma'auni ta duniya, wato ISO, aka auna su da yanayin ƙura da zafi na Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar. Nazarin ya nuna cewa tsawon ran famfo ya rataya ne a kan kaurin mai da tsabtarsa da zafinsa, kuma gwaji ne ya kamata ya yanke ranar juyen mai.

Fitilun Kalmomi: famfon fistin, kaurin mai, gogayya, ƙurar hunturu, gwajin mai

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1883 injiniya Beauchamp Tower ya gano a Ingila cewa man da ke tsakanin shaf mai juyawa da mazauninsa yana tara matsi da kansa, har ya ɗaga shaf ɗin. Osborne Reynolds ya fayyace lissafin haka a 1886, sannan Richard Stribeck na Jamus ya nuna a 1902 yadda gogayya take sauyawa gwargwadon gudu da nauyi. Abin da waɗannan ayyuka suka tabbatar shi ne, muddin akwai siririn shimfiɗin mai tsakanin ƙarfe da ƙarfe, cinyewa kaɗan ce. Da zarar shimfiɗin ya yanke, ƙarfe ya fara cin ɗan'uwansa. Tambayar wannan maƙala ita ce: me ke yanke shi a famfon fistin?

2.0 Nau'o'in Famfo da Aikin Mai

Nau'i na farko shi ne famfo mai karanshaf, galibi mai fistin uku, wanda ake tura ruwa ko laka da shi a matsi mai ƙarfi, kamar a haƙar rijiyoyi da wankin matsi. Mansa yana zaune a akwatin karanshaf, ya rabu da abin da ake turawa, kuma juyawar karanshaf ce take fantsama shi. Babban abokin gabarsa ruwa ne da ke silalowa idan sil ya gaji.

Na biyu shi ne famfon haidurolik, wanda ake gani a injinan sarrafa roba da injinan matsa ƙarfe da motocin haƙa ƙasa. Fistin bakwai ko tara ne suke kai-komo a cikin ganga mai juyawa, takalmansu na tagulla suna sulɓi a kan faifai mai karkata, matsi kuwa yakan kai bar 350. A nan mai guda ne yake ɗaukar ƙarfi, yake shafa ƙarfe, yake kwashe zafi. Tsakanin takalmi da faifai ratar 'yan maikuron kaɗan ce, alhali idon mutum ba ya ganin abin da ya gaza maikuron 40. Ke nan dattin da ke kashe famfo ba a ganin sa.

3.0 Kaurin Mai

Ma'aunin ISO 3448 ya kasa man masana'antu bisa kaurinsa a digiri 40 na Salshiyas: VG 32, 46, 68, 100 da sauransu. Man VG 46, alal misali, kaurinsa yana tsakanin santistok 41.4 da 50.6. Sai dai famfo ba ya tsayawa a digiri 40. Wannan man, idan na gama-gari ne, a digiri 60 kaurinsa ya sauka zuwa kusan 20, a digiri 80 kuwa ya kusa 11, alhali masu ƙera famfon haidurolik da dama sun fi son ya tsaya tsakanin 16 da 36. Da asubar hunturu, lokacin da sanyi kan kai digiri 15, kaurin ya haura 150.

Kowane ɓangare da illarsa. Mai ya tsinke, shimfiɗi ya yanke, yoyon ciki ya ƙaru, zafi ya daɗu. Mai ya yi kauri fiye da kima, famfo ya kasa zuƙa, kumfa ta samu a cikinsa, ta fashe ƙarƙashin matsi tana faffake ƙarfe, da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Saboda haka, a inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, VG 68 ko man da kaurinsa ba ya saurin sauyawa, irin rukunin HVLP, yakan fi dacewa, matuƙar littafin famfon ya yarda. A guji zuba man giya mai sinadarin farar wuta mai kaifi a inda akwai tagulla, domin yana cin ta.

4.0 Ƙura

Ma'aunin ISO 4406 yana ƙirga ƙwayoyin datti masu girman maikuron 4, 6 da 14 zuwa sama a kowace mililita. Lamba 18/16/13, wadda ake yawan nema wa famfon fistin, tana nufin ƙwayoyi 1,300 zuwa 2,500, da 320 zuwa 640, da 40 zuwa 80. Duk hawan lamba ɗaya ninki biyu ne, don haka man da ya nuna 20/18/15 ya ninka waccan huɗu a datti.

Nan ne yanayinmu ya shigo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A cikinta akwai garin yashi wanda taurinsa ya kai 7 a ma'aunin Mohs, ya fi tagulla da mafi yawan ƙarafa. Tankin mai kuwa numfashi yake yi: duk saukar mai, sai ya shaƙi iska. Masana'antar da ke Sharaɗa ko Bompai a Kano, idan mashaƙar tankinta buɗaɗɗiya ce, ƙura take sha dare da rana. Haka ma ciko da mazurari ko galan da ya kwana a buɗe. Sabon man duro ma ba a ɗauke shi mai tsabta ba, sai an tace shi kafin ya shiga tanki.

5.0 Zafi da Ruwa

Ƙa'idar da injiniyoyi suke aiki da ita ita ce, bayan digiri 60, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin ruɓewar mai da iska. Man da ya ruɓe yakan yi duhu, tsaminsa ya ƙaru, ya bar danƙo mai liƙe bawul. Ruwa kuma yana raunana shimfiɗi, ya kawo tsatsa, ya lalata sinadaran da ke kare ƙarfe. Idan mai ya koma kamar madara, ruwa ya riga ya yi yawa. Gwajin fili mai sauƙi shi ne ɗiga shi a kan ƙarfe mai zafi: in ya yi tartsatsi, da ruwa. Adadinsa kuwa sai a ɗakin gwaji, ta hanyar Karl Fischer.

6.0 Shawarwari

A riƙa ɗibar samfurin mai daga wuri guda, injin yana aiki, a auna kauri da tsami da ruwa da yawan datti da ɓurɓushin ƙarfe. Hawan silikon alamar ƙura ce, hawan jan ƙarfe kuwa alamar takalman fistin sun fara ci. Idan kauri ya kauce da kashi 10 cikin ɗari, a binciki dalili. A sanya wa tanki mashaƙa mai tace ƙura da tsotse raɓa, a tsabtace na'urar sanyaya mai kafin bazara, a cika jikin sabon famfon haidurolik da mai kafin a tayar da shi, kuma kada a gauraya mai iri biyu.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa juyen mai bisa lissafin kwanaki kaɗai yana jawo asara biyu: a zubar da mai yana da sauran ƙarfi, ko a bar gurɓatacce yana cin famfo. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kira ga masu masana'antu da kwalejojin kimiyya da fasaha shi ne su koya wa makanikai karanta sakamakon gwaji, su kuma ajiye wa kowane famfo littafin tarihin mansa. Man da ya dace da injin, ya kasance da tsabta, ba ruwa, ba zafi mai yawa, shi ne gyara mafi arha.