Filin haske: yadda mutane da yawa ke kallon manyan bayanai daga nesa

Filin haske wata dabara ce ta kimiyyar kwamfuta wadda ake tara hotunan abu ɗaya daga kusurwoyi masu yawa, sannan a haɗa su yadda mai kallo zai iya jujjuya abin a allo, ya gan shi ta kowane ɓangare kamar yana gabansa.

Asali

A 1908 masanin kimiyya na Faransa Gabriel Lippmann ya kawo shawarar ɗaukar hoto da ƙananan gilasai masu yawa a jere, kamar idon ƙuda. Andrey Gershun na Tarayyar Sobiyet ne ya raɗa sunan filin haske a 1936. A 1996 Marc Levoy da Pat Hanrahan na Jami'ar Stanford a Amurka suka nuna yadda kwamfuta za ta yi aiki da shi.

Yadda yake aiki

Ana bayyana kowane zaren haske da lambobi huɗu: biyu na inda ya ratsa wani shafi na farko, biyu na inda ya ratsa na biyu. Idan mai kallo ya motsa, kwamfuta ba ta sake zana abin daga tushe. Hotunan da ke kusa da inda ya tsaya take ɗauka, ta cike giɓin da ke tsakaninsu. Saboda haka sarƙaƙiyar abin ba ta rage saurin kallo.

Kallo daga nesa

Wasu bayanai sun fi ƙarfin ƙaramar kwamfuta, balle wayar salula. Lokacin da masanan Stanford suka auna gunkin Dawuda na Michelangelo a birnin Florence na Italiya a 1999, sun samu ƙananan fuskoki kimanin biliyan 2. Haka hotunan cikin jiki na asibiti da lissafin hasashen yanayi suke da nauyi.

Idan babbar kwamfuta ce za ta zana wa kowane mai kallo nasa hoton, aiki na ƙaruwa da ƙaruwar jama'a, har ta gaza. Da filin haske kuwa, sau ɗaya ake yin babban aikin. Ana ajiye hotunan a rumbunan intanet da ke kusa da masu kallo, kowa ya janyo ɓangaren da yake buƙata. Ta haka ɗalibai ko likitoci a ƙasashe daban-daban za su iya duba abu ɗaya a lokaci guda.

Matsaloli

Hotunan kansu suna cin wuri. Levoy da Hanrahan sai da suka matse nasu fiye da ninki 100. Idan hotunan sun yi kaɗan, abin yana fitowa dishi-dishi, kuma da wuya a canza hasken da aka ɗauke shi da shi. A wuraren da intanet ke da tsada ko take tafiyar hawainiya, amfanin dabarar ya dogara ne ga yawan abin da ake turo wa waya duk lokacin da mai kallo ya juya hoton.