Balangun daren Lahadi da tarihin iyakar Jibiya

Duk lokacin da aka tashi maganar rufe iyakar Jibiya ko buɗe ta, shinkafa da fetur ake lissafawa. Ba kasafai ake tunawa da rago ba. Ni kuwa a wajen rago na fi ganin tasirin abin, domin shekara goma sha biyar ke nan muna da wata 'yar majalisa a Magama, mu takwas, da muke haɗuwa duk daren Lahadi bayan kasuwar Jibiya ta watse, mu ci balangu wurin mahauci guda. Biyar daga cikinmu 'yan wannan ɓangaren ne: ma'aikata uku, malamin makaranta ɗaya, da direba. Uku kuma daga Ɗan Isa da Maraɗi suke zuwa, biyu dillalan dabbobi, ɗaya mai sayar da kayan gyaran babur. Biyan kuɗi karɓa-karɓa ne, kowa da makonsa. Ciyayya ce dai irin ta iyayenmu, sai dai mu a gaban tukubar mai nama muke yin tamu, ba a ƙofar gida ba.

Mutane suna son cewa Turawa ne suka raba mu da Maraɗi. Haka ne, amma ba nan labarin ya fara ba. Bayan da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mata. Kusan duk ƙarni na 19 hare-hare ake yi tsakanin gidajen biyu, musamman zamanin Ɗan Baskore, kuma ƙasar da ke tsakani, wato yankinmu, ita ta sha wahalar. To da Ingila da Faransa suka zo suna ja-in-ja, daga yarjejeniyar 1890 zuwa ta 1898, ta 1904 da ta 1906, sun tarar da tsagi a ƙasa, suka bi shi. Tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar Tilho da O'Shee ta bi daji tana kafa alamomin iyaka. Abin da Turawa suka ƙaro shi ne takarda, da jami'in kwastam, da kuɗi iri biyu.

Amma ko a lokacin gaba, dabba ba ta daina gangarowa kudu ba, hatsi da tufafi da goro ba su daina hawa arewa ba. Dalilin a bayyane yake. Makiyaya da filin kiwo suna arewa, masu cin naman da yawa suna kudu. Ragon Balami da Uda, da jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har Turai, da shanun Azawak, duk hanyarsu ke nan. Mai namanmu, wanda muke kira Baba, ya gaji fawa ne kaka da kakanni, kuma in ka tambaye shi zai ce maka shi bai taɓa sanin wani "ragon Nijar" ko "ragon Najeriya" ba, rago mai mai ya sani da marar mai.

Rufewar farko da manyanmu ba sa mantawa ita ce ta Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza kuɗi ta kulle iyakoki. Ba a buɗe ba sai Maris na 1986, zamanin Babangida. Abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. Ina yaro a lokacin, amma babban cikin abokanmu na Maraɗi ya ga abin da idonsa. Ya ce dabbobi sun rame, ba abinci, ba hanyar kai su kasuwa, sai mutum ya bayar da tunkiya a kan 'yan tiyoyin gero. Idan yana ba da wannan labari ba ya ɗaga murya, kuma ba mai katse shi.

Mu namu zamanin ya fara ne a Agustan 2019, da aka sake rufe iyaka don hana shigo da shinkafa. A Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda ya sa mutumin Jibiya ya koma sayen mai a galan a cikin ƙasarsa. A Disambar 2020 aka buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfun, aka bar mu. Jibiya sai Afrilun 2022 aka buɗe ta, tare da Idiroko, Kamba da Ikom. Kusan shekara uku ke nan. Ba wai abokanmu sun daina zuwa ɗungurungum ba ne, ai hanyoyin daji suna nan, babur yana bi. Sai dai zuwan da a da ba ya cin komai ya koma sai an biya ɗan acaba ninki, an biya a shinge, ga fargabar 'yan bindiga in dare ya yi. Wa zai yi wannan kasada saboda nama na takarda ɗaya? Sai majalisa ta koma mu biyar, wani makon mu uku.

A tsakiyar wannan ne kuma, ƙarshen Agustan 2021, gwamnatin Masari ta fitar da dokar da ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Jibiya, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin shanu fita jihar. A Satumba aka katse layukan waya. Na san dalilin, satar shanu ce ke ciyar da 'yan bindiga, kuma ban ce a naɗe hannu ba. Amma wallahi a watannin nan ne na ga Baba ya koma gasa kaji da 'yan kayan ciki, mutumin da a da yake yanka rago biyu a daren Lahadi. Yaransa huɗu masu yanka albasa da ƙulla yaji, biyu ya sallama. Ɗaya ya tafi Legas, har yau bai dawo ba. Ba waya kuma, balle mu ji ko na Ɗan Isa suna lafiya.

Mun ɗan farfaɗo na shekara ɗaya da 'yan watanni. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Bazoum, ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take ba Nijar, har ana maganar yaƙi. Wannan ne karon da siyasa ta shigo mana majalisa da gaske. A da rufe iyaka abu ne da Abuja ke yi, mu taru mu yi tsaki tare. Wannan karon da aka buɗe a Maris na 2024, muka sake zama mu takwas, sai na ji ana "ku" da "mu". Ɗaya daga cikin dillalan ya dube ni ya ce, "Malam, ku fa kuka kashe mana wuta, matata tana asibiti." Na ce, "Alhaji, ni da ko a gidana ba wutar?" Aka yi dariya, amma ba irin ta da ba. Baba ne ya raba gardamar, ya turo tire ya ce, "'Ya'yana, ku ci tun da zafi."

Abin da ya canza tun daga nan ya fi shinge girma. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Yanzu ba Abuja kaɗai ke iya toshe hanya ba, Yamai ma ta koyi yi. A Mayun 2025, ana saura makonni Babbar Sallah, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi don farashi ya sauka a kasuwanninta. Dillalanmu biyu suka rasa kakar da suke jira shekara guda, mu kuma muka sayi ragon layya da tsada. Ga faɗuwar naira a gaban sefa, wadda ta juya lissafin da muka taso da shi. Da can ɗan Maraɗi ne ke murnar karɓar naira. Yau in ya sayar da rago a Jibiya ya canza kuɗin, sau da yawa gara ya sayar a gida. A ganina wannan ya fi kowace doka rage dabbar da ke shigowa, kuma ba jami'in da zai sa hannu a takarda ya gyara shi.

Ana ta aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Muna ganin aikin, muna kuma fata. Tambayar da dillalan ke yi ita ce ko za a sa taragon dabbobi, kuma ko jirgin zai tsaya a ɗauki kaya a Jibiya ko wucewa kawai zai yi mu ɗaga masa hannu. Direban cikinmu shi tsoronsa daban, yana ganin ranar da jirgi ya fara aiki, lodin Maraɗi ya bar hannunsa.

Yanzu dai karɓa-karɓar tana nan, amma mun sauya ƙa'ida. Kuɗin da a da ke isar mutum takwas ba ya isar huɗu, don haka mutum biyu ke haɗa mako guda. Mun kuma dawo da zaman zuwa bayan La'asar maimakon bayan Isha'i, saboda na Ɗan Isa su tsallaka da sauran haske.