Walƙiyar gamma: fashewar da sai tauraron ɗan Adam ke gani

Ko a Damargu, inda sama take tas da dare tsakanin Tanut da Belbeji, ido ba ya ganin walƙiyar gamma. Hasken gamma irin wanda ma'adinin yuraniyom na Arlit ke fitarwa ne, amma wannan daga can ƙuryar samaniya yake zuwa, kuma iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi kafin ya iso ƙasa. Shi ya sa dole a ɗora na'urorin a kan tauraron ɗan Adam.

Taurarin Vela na Amurka, masu gadin gwajin bam na nukiliya, su suka fara kama ta ranar 2 ga Yuli 1967, ba a bayyana ba sai 1973. Yau ana kama kusan ɗaya kowace rana. Wadda ta wuce sakan 2, galibi ƙaton tauraro ne ya rushe. Gajeriyar kuwa, ragowar matattun taurari biyu ne suka yi karo.

Mafi haske da aka taɓa aunawa ita ce ta 9 ga Oktoba 2022. Ta yi tafiyar shekara kusan biliyan 2, duk da haka sai da ta motsa saman iskar duniya.

Ranar 22 ga Yuni 2024 Faransa da Sin suka harba SVOM. Da na'urarsa ECLAIRs ta hango walƙiya, sai ta aiko da wurin ga madubin hangen nesa na ƙasa, domin hasken da ke biyo baya ba ya jimawa yake dusashewa.