Daga Akwatin Kempelen Zuwa AlphaGo: Yadda Na'ura Ta Ƙwace Dara Daga Hannun Gwanaye

A shekarar 1770 wani injiniya, Wolfgang von Kempelen, ya kai fadar Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya wani mutum-mutumi mai rawani, zaune gaban allon ces, wato darar Turawa, yana lallasa yawancin waɗanda suka kara da shi. An yi shekaru da dama ana yawo da shi a Turai da Amurka, alhali wani gwani ne ke ɓoye cikin akwatin da ke ƙarƙashin allon yana juya hannun gunkin. Yaudara ce, amma ta karɓu domin ta dace da abin da masu ilimi suka yi imani da shi, cewa dara ce ma'aunin hankali, kuma duk ƙarfen da ya iya ta ya iya tunani. A ganina, abin da ya biyo baya tarihin rushewar wannan zato ne.

Da kwamfuta ta samu, dara aka fara ɗora mata. A 1950 Claude Shannon ya rubuta yadda za a koya wa na'ura ces. Alan Turing kuwa ya tsara tasa dabarar tun babu na'urar da za ta iya ɗaukarta, sai ya riƙa yin lissafin da hannu a takarda, ya kuma sha kaye. A 1957 Herbert Simon ya yi hasashen cewa cikin shekara 10 kwamfuta za ta zama zakaran duniya. Sai da aka shekara 40. A watan Mayun 1997, a New York, Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki 3.5 da 2.5, tana auna yanayin allo miliyan 200 cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan adadi shi ne abin lura. Tun a 1946 masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya gano cewa manyan gwanaye ba su fi matsakaita yawan lissafin taku ba. Kallo ɗaya suke yi wa allo su gane inda maganar take, su yi watsi da saura. Ke nan na'ura ta iso inda gwani yake ta wata hanya dabam, ta nuna ana iya cin wasan da ƙarfin ƙirga. Ta haka aka warware awari, ɗan'uwan wasan oware na Gana da ayo na Yarbawa, a wata jami'ar Amsterdam a 2002: idan babu wanda ya yi kuskure, kunnen doki ake tashi.

Mai ja da wannan magana zai kawo wasan go na ƙasar Sin, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Allon go na da gurbi 361, yawan da ƙirga kaɗai ba ta iya cimmasa. Duk da haka, a watan Maris na 2016 a Seoul, AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta ci gwanin go Lee Sedol wasa 4 cikin 5. A wasa na biyu ta yi wani taku, na 37, wanda masu sharhi suka fara ɗauka kuskure ne, daga baya suka ga hikima ce. Ai ga basirar nan a wurin ƙarfe, in ji mai jan. Na yarda: abin da muke kira ilhamar gwani, ashe wani ɓangarensa tarin gogewa ne, kuma ana iya tara shi cikin na'ura. Sai dai a duba farashin. AlphaGo Zero, wadda ta fito a 2017 ba tare da ta ga wasan mutum ko ɗaya ba, sai da ta kara da kanta kusan sau miliyan 5 cikin kwana uku, adadin da babu ɗan'adam da zai kai ko da ya ƙarar da rayuwarsa gaban allo. Sannan mutane ne suka shata mata allon, suka ba ta doka, suka gaya mata abin da ake kira ci. Rayuwa ba ta zuwa wa mutum a shace haka. Shi zai nemo abin da ya cancanci nema, da ɗan abin da ya gani, cikin gajiya da tsoro. A cikin wannan hali ne Lee ya samo taku na 78 a wasa na huɗu, ya rikita na'urar, ya ci.

Ba zan raina asarar ba. A 2019 Lee ya yi ritaya, yana mai cewa ko ya zama na ɗaya, akwai abin da ba zai iya kayarwa ba. Wannan ciwon ma shaida ne, domin shi ya san abin da ya rasa, AlphaGo kuwa ba ta san ta ci ba. Sauran gwanayen ba su bar allo ba. Sun mayar da na'urar malama, sun sauya salon buɗe wasa da aka gada tun kaka da kakanni, kuma har yau gasar mutum da mutum jama'a ke taruwa su kalla, duk da cewa manhajar da ke cikin wayar kowane ɗan kallo ta fi zakaran ces na duniya iya wasa.